Hanci Mai Buɗe wa Motoci Maƙogwaro

Idan ka shiga layin masu gyaran mota ka ji wata irin ƙara mai tsaga kunne, kada ka wahalar da kanka da tambaya, shagon Hanci ka iso. Mai waldar salansa ne, wato bututun hayaƙin mota, gajere, mai faɗin ƙirji, wuta ta cinye masa gashin gira tun yana saurayi bai kuma sake tsirowa ba. Yadda yake duba mota ne ya ja masa wannan laƙabi. Sauran makanikai su kasa kunne, su leƙa inji, su taɓa nan su taɓa can. Shi kuwa gogan naka sai ya zagaya bayan mota, ya durƙusa, ya kai fuskarsa bakin salansa, ya ce wa mai ita, "Taka totur." Ya zuƙi hayaƙin nan har cikin ƙirjinsa, ya lumshe ido, ya jinjina kai, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa bai taɓa canzawa ba tun da aka san shi: an shaƙe wa motar nan wuya.

A ƙarƙashin mota, tsakanin inji da bakin salansa, akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe. Masu ƙera mota sun cusa mata wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, suka shafe shi da wasu ƙarafa masu tsada. Ta cikin ramukan nan hayaƙin inji yake bi, idan tukunyar ta ɗau zafi sai ta ƙarasa ƙone man da inji ya bari, ta karya mafi yawan gubar da ke ciki kafin ta fito wa bayin Allah. To wannan tukunya ita ce abokiyar gabar Hanci a duniya. Zai kwance ta, ya ɗaure a bakin teburinsa, ya zura rodi ya yi ta dukansa da guduma har saƙar nan ta zama gari. Ya zazzage garin a bokiti, ya mayar da fankon tukunyar, ya liƙe da walda. Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, wannan ai ba matsala ba ce, sai ya cire ƙwan fitilar ya jefa a aljihu. Mota ta tashi da gurnani, mai ita ya washe baki yana cewa yau ta samu lafiya. Garin kuma akwai wani mai babur da ke zuwa ya kwashe, saboda ƙarafan nan masu tsada. Hanci bai taɓa tambayar kansa me ya sa mutum zai riƙa zarya yana sayen abin da shi yake kira shara ba.

In za a faɗi gaskiya, akwai lokacin da yana da hujja. Sa'ad da ya koyi aiki, fetur ɗin da ake sayarwa da dalma a cikinsa, dalma kuwa kashe saƙar nan take yi. Motocin da aka shigo da su daga waje ba sa daɗewa sai tukunyar ta mutu, wata ta toshe, mota ta kasa hawa ko ɗan tudu. Ranar da Hanci ya fara fasa wata, motar wani mai ɗaukar kaya ce, ta tashi garau, mutumin ya rungume shi a gaban jama'a ya ce hannunsa da albarka. Shi ke nan, an gama da Hanci. Rungumar nan ta zame masa makaranta, daga ranar ya rufe kansa ruf, ko allura ba ta ƙara shiga ba. An daina zuba dalma a fetur, motoci sun canza, gashin kansa ya yi fari, shi yana nan da rodinsa. Mota sabuwa dal, lafiyarta ƙalau, a kawo ta don ɗan hujin da ya fito a salansa, sai ta koma gida ba tukunya.

Shagon a ƙasa yake, ɗakunan iyalinsa a sama. Tagar ɗakin da matarsa ke ɗinki tana daidai saman filin da yake gwada motoci. Inna Mai Keke ake ce mata a layin, mace doguwa mai kaifin baki, wadda ta ɗinke wa rabin unguwa kayan makaranta. Shekara da shekaru tana zaune a bakin tagar nan saboda haske, tana taka keke, duk abin da Hanci ya buɗe wa mota yana hawowa ya same ta. Labulenta fari ya koma ruwan toka. Tari ya fara kamar wasa, daga baya numfashinta ya soma fito, har ta kai ba ta iya hawa matakalar gidanta sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango. Ta koma kwana a jingine, abin shaƙa na asma kullum yana ƙulle a bakin mayafinta.

Hanci ya ce ƙurar yadi ce. Da ta bar yanka yadi ta ba wata, ya ce sanyi ne. Da zafi ya shigo, ya ce gado ne, ai ya tuna wata goggonta ma haka ta yi ta tari. Kai, mutumin nan da za a bar shi, har tsuntsayen da ke kan wayar lantarki sai ya ɗora wa laifi.

Yana da ƙane wanda ya yi aiki a matatar mai har ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali da son bayani. Duk sanda ya kawo ziyara sai ya zauna a kan bencin shago ya ɗauko karatu. Ya faɗa wa wansa yadda ake dafa ɗanyen mai har ya zama tururi, a tura shi cikin wata doguwar hasumiya, mai nauyi ya tsaya a ƙasa, mara nauyi ya yi sama: iskar girki can ƙoli, fetur a ƙarƙashinta, sai kananzir, sai dizal, kwalta kuma ta kwanta a gindi. Ya ce fetur ɗin da ya fito daga nan ma bai gama ba, sai an sake bi da shi ta wasu tukwane an tsame masa farar wuta, an gyara shi yadda inji ba zai riƙa ƙwanƙwasa ba.

"Yaya, ka san wahalar da muke sha kafin mu cire farar wutar nan? Mutum ya wuni cikin zafi da ƙara. Kuma rabin dalilin, don tukunyar nan taka ta daɗe tana aiki ne. Mu can muna wanke mai saboda ita, kai nan kana fasa ta da rodi."

Hanci ya yi tsaki. "Ku dai kun tsiyaye wa mai ƙarfinsa. Fetur ɗin da, in ka shaƙa sai ka ji har ƙeyarka. Na yanzu kuwa ruwa ne, ko wari babu."

"To ai abin da nake gudar maka ke nan. Hancin nan naka wari kawai yake ji. Gubar da ta fi saurin kashe mutum a hayaƙin mota ba ta da wari, ba ta da launi. Tukunyar ce ke cinye ta."

"Abin da ba wari ba launi, kai a ina ka gan shi?"

Hanci ya faɗi haka yana waige-waige ko mai facin taya na kusa ya ji, don a ganinsa ya kayar da ɗan boko. Daga sama Inna Mai Keke ta leƙo ta ce wa ƙanin mijin nata, "Kai ma dai ba ka da aikin yi. Ka hau ka sha ruwa, ka bar ɓata yawunka. Ni da na fi ka baki na gaji." Ta ƙarasa maganar da tari.

Babbar 'yarsu, wadda ke aure a can gefen gari inda motoci ba su da yawa, ita ta gaji da zancen goggo da sanyi ta ɗauki uwar ta kai asibiti. Likita ya saurari ƙirjin, ya tambayi inda take zama da abin da ake yi a wurin, ya ajiye abin awonsa ya ce magani zai bayar, amma in za ta koma ta ci gaba da shaƙar abin da take shaƙa, kada ma su wahalar da kansu zuwa karɓa.

Da yamma Inna Mai Keke ta sauko shagon, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana maida numfashi, shi yana tsugune yana dukan rodi.

"Maigida, ajiye gudumar nan ka ji ni. Ban taɓa ce maka ka bar sana'arka ba. Ka yi waldarka, ka liƙe huji, ka canza bututu, Allah ya ba da sa'a. Amma fasa tukwanen nan da tayar mini da hayaƙi a ƙarƙashin taga, ya isa. Ko dai hayaƙin nan ya bar ni, ko ni in bar gidan. 'Yarka ta share mini ɗaki."

Ya ɗago ya dube ta, ya yi 'yar dariya. Matar da ta zauna da shi tun ba shi da ko injin walda nasa na kansa, yau ita ce za ta tafi? Amma da ya ga ba ta yi dariyar ba, ta juya tana hawa matakala a hankali tana dafa bango, sai ya ajiye gudumar. Yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Bai san inda ake ajiye ko cokali a gidan ba, kuma duk duniya ita kaɗai ce in ta yi masa faɗa yake jin daɗi a ransa. Ya kwana biyu yana juya maganar, kuma da yake kan nasa ne ya yi juyin, ga abin da ya fito da shi: ta ce hayaƙi ya bar ta, ba ta ce dole ya bar rodi ba. Rabin maganarta na farko ya bi iska. Tun da ta taga hayaƙi ke hawa, sai a daina gwaji a fili. A shigo da mota cikin shago, a ja ƙofa a rufe, hayaƙi ya zauna a ƙasa, mata ta zauna a sama, kowa ya huta. Har ya ji haushin kansa da bai yi wannan dabara tun tuni ba.

Da hantsi aka kawo wata ƙaramar mota, mai ita ya bar makulli ya tafi kasuwa. Hanci ya shigar da ita kan ramin gyara, ya kwance tukunya, ya yi mata abin da ya saba, ya mayar ya liƙe. Sannan ya jawo ƙofar ƙarfen nan tun daga sama har ƙasa, ya tura tsumma a ƙarƙashinta don kada ko kaɗan ya sulale ya hau wurin Inna. Ka ji ƙauna! Ya tayar da mota, ya zagaya baya ya durƙusa ya shaƙa. Ba wari, ba baƙi, ba shuɗi. Ya ce a ransa, ka gani, ruwa ne. Ya sauka cikin rami yana bin waldar da tafin hannu, yana neman inda iska ke fita.

Kansa ya fara sarawa, ya ce rashin karin kumallo ne. Ƙafafunsa suka yi nauyi, ya ce tsufa. Ya ga bari ya ɗan zauna a kan matakin ramin ya jingina, in ya huta ya tashi ya taka totur.

A sama, Inna Mai Keke tana ɗinka wuyan wata riga. Ta ji an ja ƙofa, ta ji mota ta tashi, ta ga kuma babu abin da ya hawo tagarta, har ta ce a ranta ko mutumin ya fara hankali. Sai dai wani abu ya tsaya mata a rai. Ta san mijinta sarai, ba ya iya barin inji yana aiki shiru bai taka shi ya yi kururuwa ba, ko da na ɗan lokaci ne. Yau ga mota tana ta gunaguni a murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ta tsayar da keke ta kasa kunne. Ta ƙwala masa kira, shiru. Ta sake, shiru.

Matar da ke hutawa a tsakiyar matakala, ranar ba ta san yadda ta sauko ba. Ta kama ƙofar ƙarfen nan ta ɗaga iya ƙarfinta, ƙofar ta tashi zuwa gwiwa ta cije. Ta yi wa mai faci ihu, ba ta jira shi ba ta sunkuya ta kutsa ciki. Zafi da duhu suka tare ta. Ta lalubi makulli ta kashe motar, ta hango shi a rami, kai ya langaɓe, baki a sake. Ta sauka ta kama kwalar rigarsa tana ja tana salati, tana zaginsa, tana kuka, tana zuƙar iskar nan baki buɗe da ƙirjin da likita ya ce a kiyaye. Kafin mai faci da maƙwabta su wangale ƙofar, ta jawo shi har bakin rami. Su suka ƙarasa fito da shi. Da suka waiwayo, ita ma tana ƙasa, tana neman numfashi ya ƙi zuwa, bakin mayafin da abin shaƙa ke ciki ya maƙale a ƙarƙashinta.

Mota ɗaya ta kwashe su zuwa asibiti. Shi aka sa masa iska, kafin la'asar ya buɗe ido yana tambayar wa ya rufe shago. Washegari aka sallame shi. Ita kuwa ta daɗe a kwance, akwai ranar da 'yarta ta fito daga ɗakin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, ƙanin mahaifinta yana ba ta haƙuri.

Kana tsammani Hanci ya saduda? Haba! Ya koma layi yana gaya wa duk mai zuwa jaje cewa yunwa ce ta kayar da shi, jiri ne kawai, mata ne da ruɗewa. Ƙanensa da ya ji wannan sai ya tashi daga bencin ya kaɗe rigarsa ya tafi, ranar ce ta farko da ya bar shagon bai yi bayani ba.

Daga asibiti gidan 'yarta aka wuce da Inna. Hanci ya ce ai hutawa ce ta 'yan kwanaki. Gida ya yi masa faɗi. Ya ƙona tukunyar girki, ya sa riga ɗaya har ta yi tsami, ya riƙa hawa sama yana tsayawa a ƙofar ɗakin ɗinki ba tare da ya san abin da ya hau ɗauka ba. Kewarta ta kama shi sosai, har ya rame. Da abin ya ishe shi ya yi wanka, ya sayi lemo da ayaba, ya tafi.

Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana tsince wa jikarta kai. Ta yi haske, muryarta ta fito sarai. Ta amsa gaisuwarsa da mutunci, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambayi mai faci da mutanen layi. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce, "To, yaushe za ki dawo? Gidan ba daɗi."

"Ka bar fasa tukwanen?"

Nan fa. Tambaya ɗaya, amsarta kalma ɗaya. Ko ƙarya ya yi ya ce e, wataƙila da ta haɗa kayanta, don ita ma idonta ya nuna tana kewar ɗakinta. Amma buɗar bakin mutumin nan sai ya ce, "Ai na gano inda kuskuren yake. Tsummar nan ce da na toshe ƙasan ƙofa. Yanzu fanka zan sa, babba, ta riƙa tura shi bayan gida. Kuma kin san mutane sun saba da hannuna, yanzu haka akwai motoci suna jira."

'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta ɗaga mata hannu. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Na shiga ramin nan sau ɗaya, Maigida. Likita ya ce in na sake, ba za a fito da ni ba. Kai kuma na ga alama za ka sake shiga. Ba zan zauna a sama ina kasa kunne ina jiran ranar ba." Ta mayar da hannunta kan jikarta. "Ka aiko mini da kekena. Akwai kayan mutane da ban gama ba."

Bai aiko ba, da kansa ya kawo. Ya ce wa mai faci in ta ga keken a hannunsa zuciyarta za ta karye. Suka sauko da shi daga sama su biyu suna nishi, suka ɗaure shi da ƙunshin kayan ɗinkinta a bayan tsohuwar motarsa, wadda ita ma tun ranar da ya saye ta ya buɗe mata maƙogwaro. Ya kama hanya, motar tana gurnani, mutane suna toshe hanci yana ɗaga musu hannu.

Tun daga nesa 'yarsa ta jiyo shi. Ta fito da gudu ba ko takalmi, ta tare shi a bakin layinsu ta tsaya a gaban motar.

"Baba, kashe ta."

"Ke, gidan ai ga shi can, bari in ƙarasa."

"Don girman Allah Baba ka kashe ta. Inna tana tsakar gida. Motar nan ba za ta shiga layin nan a kunne ba."

Ya dubi 'yarsa, ya ga idon uwarta sak. Ya murɗa makulli. Layin ya yi tsit, har ana jin kukan kaji. Ya fito, ya sa hannu ɗaya a sitiyari ta taga, ya kafa kafaɗa ya fara turawa. Titin da ɗan hawa, keken ɗinki da nauyi, shi kuma ƙirjin ba kamar da ba. Matan layi suka leƙo suna kallon dattijo yana tura mota mai lafiya, gumi yana ɗiga daga inda girarsa ta kamata ta tare shi. Yana turawa yana tsayawa, yana haki, har ƙofar gidan.

Surukinsa ya fito ya taya shi sauke keken, suka shigar da shi ɗakin da aka share mata, suka ajiye a inda ta nuna. Ta zauna, ta taka shi sau biyu ta ji lafiyarsa, ta zare zaren da ya harɗe, ta ce an gode, Allah ya huta gajiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu yana jiran sauran maganar. Ta jawo rigar da ta bari ba wuya, ta daidaita ta a ƙarƙashin allura, ta ce wa 'yarta a zuba wa Baba abinci ya tafi da shi, kuma a taya shi tura motar zuwa bakin titi.